Alherin Allah Ba Kuɗin Ƙwadago Ba Ne

Na san mafi yawanku Musulmi ne, ni kuwa Bahaushe ne Kirista, haifaffen karkarar arewacin Kano, inda gonar wannan ke manne da ta wancan tun daga Ungogo har Bichi da Ɗambatta. Ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a kan wata magana da muka saba ji tun muna yara, wai an sayi iyayenmu ne da magani da boko. Maganar tana da ciwo, amma ba zan ce babu inda ta samo asali ba.

Ga yadda abin ya faro. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller suka iso birnin Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ya ba su wurin zama ba. Ko bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, su kansu masu mulkin sun daɗe suna hana 'yan mishan shiga ƙasashen sarakunan Musulunci, don gudun tashin hankali. Sai a shekarun 1930 ƙofa ta buɗe, kuma ta hanyar kuturta ta buɗe, lokacin da aka danƙa wa mishan ɗin SIM kula da kutare. Daga nan ne aka san Yadakunya a nan kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943, ga makarantu a Roni da Kabo, ga makarantar Littafi Mai Tsarki a Tofa. Ashe ke nan allura da wa'azi a jaka ɗaya suka zo, kuma duk wanda ya yi tambaya a kan haka bai yi laifi ba.

To amma mai karatu, ka duba abin da ya biyo baya. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe yawancin makarantu da asibitocin mishan, Turawan suka yi ta komawa gida. Wanda aka saya da magani, ai ranar da maganin ya ƙare zai kama gabansa. Sai ga shi ƙananan majami'u na laka da kwano suna nan a unguwannin Maguzawa, manoma ne ke gina su da kuɗin gyaɗa da gero, suna karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke tun 1932. Ikilisiyar ECWA da aka kafa a 1954 a hannun 'yan ƙasa take. Akasarin waɗanda suka kai bishara ƙauyuka ma baƙaƙen fata ne a kan keke, masu noma abincinsu da hannunsu.

Abin da ya riƙe mutanen nan shi muke kira alheri. Mu Kirista mun gaskata cewa ceto kyauta ce daga Allah, ba wanda ke samunsa da yawan aikinsa. A Linjilar Matiyu, sura ta 20, Yesu Almasihu ya ba da misali da mai gona da ya ɗebi 'yan ƙwadago, wasu tun da sassafe, wasu da rana, wasu dab da faɗuwar rana, sannan ya biya su daidai wa daida. Duk wanda ya taɓa duƙawa da fartanya a gonar wani tun hantsi ya san irin haushin da na farkon za su ji. Abin nufi shi ne, abin da Allah ke bayarwa ya fi ƙarfin lissafin awo da mudu. Na sha jin malaman Musulunci suna cewa ba mai shiga Aljanna sai da rahamar Allah, kuma nan muna kusa da juna. Inda muka rabu shi ne, mu mun ce ta wurin mutuwar Yesu da tashinsa wannan jinƙai ya iso mana, Musulmi kuwa bai yarda da haka ba. Wannan bambanci ne na gaske, ɓoye shi ba ya ƙara zumunci.

Yanzu bari in juyo ga 'yan uwana Kirista, domin da su nake da babbar magana. Idan har ceto kyauta ne, to ba mu da ikon mai da shi haja. Kowa ya san watan Agusta a karkararmu, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. Wanda ya kai wa mayunwaci tiyar dawa a wannan lokaci yana jiran ya gan shi a coci ranar Lahadi, ciniki ya yi, kuma shi ne ke gaskata zargin da ake yi wa iyayenmu. A nawa ganin, ka ba da hatsin ka juya ka tafi. In ya tambaye ka dalili wata rana, sai ka faɗa masa abin da ka gaskata, in bai tambaya ba, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Haka kuma wanda aka yi wa kyauta ba shi da abin taƙama. Ban ga inda alheri ya haɗu da ɗaga lasifika ana zagin addinin maƙwabci ba, ko jan yaron mutane a bayan idon iyayensa. Ƙasarmu ba daji ba ce da mutum zai yi wa'azi ya wuce. Gonaki ne ƙanana da ake nomawa kowace damina ba hutu, da takin da jakuna suka daɗe suna ɗaukowa, iyaka kuwa layin gamba ne kawai. Rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci, ranar gayya ba a tambayar addinin mai garma. A irin wannan zama, wanda kake yi wa bishara ya san ko kana cin iyaka, ya san ko kana biyan bashi, ya san yadda kake riƙe da matarka. Halinka yake fara saurare kafin bakinka.

Wani zai ce, to me ya sa ba za ku yi shiru gaba ɗaya ba a zauna lafiya? Amsata ita ce, wanda ya sha ruwa a rijiya mai daɗi ba ya ɓoye hanyarta ga mai ƙishi, kuma Musulmi mai da'awa ya fi kowa fahimtar wannan. Abin da ya rage shi ne mai ji a bar shi da zaɓinsa. Sauya addini a ƙauye ba wasa ba ne, ko ta wane ɓangare: yana taɓa gado, yana taɓa aure, yana raba mutum da kwanon da ya saba ci da 'yan uwansa. Saboda haka bai kamata a ruɗi kowa ya shiga ba, bai kuma kamata a kori kowa daga gonar ubansa don ya fita ba.

Ku kuma 'yan uwana Musulmi, musamman marubutanmu, roƙona ƙarami ne. In za ku saka Kirista a labari, ku tuna akwai wanda sunansa Tanko ko Lami, mai cin tuwon dawa da miyar kuka, wanda ba shi da wani harshe sai wannan da nake rubutu da shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da mu lafiya. Sai wani jiƙon.