Kwamfutar gwanjo da alkawarin "a sabunta daga baya"

Masu sayar da kwamfutocin gwanjo, daga Maraɗi har Yamai, suna da wata magana da ba ta barin bakinsu: "A saya da Windows 10, in ya so a sabunta daga baya." Ɗalibin da ya daɗe yana tara kuɗi don rubuta kundin kammala karatunsa sai ya amince, ya biya.

Gaskiya ne kamfanin Microsoft yana bayar da Windows 11 kyauta ga mai Windows 10 ta halal, amma da sharaɗin da mai shago ba ya faɗa: dole na'urar ta kasance da sashen tsaro na TPM 2.0, ƙwaƙwalwarta kuma, in ta Intel ce, ta zama zubi na 8 ko sama da haka. Kwamfutar da aka ƙera a 2015 ba ta cika wannan ba, kome ƙyallin jikinta. Windows 10 kuwa wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025. Abin da ya rage ɗan ƙarin lokaci ne ga wanda ya yi rajista.

Mai shago ya san haka, shi ya sa farashin ya yi sauƙi. In aka matsa masa, sai ya cusa Windows 11 ta bayan fage, alhali Microsoft bai lamunce wa irin wannan na'ura gyaran tsaro ba. Manhajar PC Health Check tana tantance cancantar kwamfuta cikin mintuna kaɗan, a cikin shagon, kafin kuɗi su bar aljihun ɗalibi.