Kaskon garwashi a ɗaki: ɗumi ne, amma yana kisa

1/ Hunturu ya kankama. Daga Ikara zuwa Makarfi har Hunkuyi, kowa na neman abin ɗumama ɗaki da ruwan wankan asuba. Bari in faɗi ra'ayina, wanda ya ji haushi ya yi haƙuri. 🧵

2/ Bara cikin Janairu saura ƙiris mu rasa Inna. Ta kwana da kaskon garwashi, ƙofa a rufe, taga a toshe da tsumma. Da asuba ba ta fito alwala ba. Muka same ta tana amai, kai na sara mata, ta kasa miƙewa. Allah Ya yi da sauran kwana.

3/ A asibiti aka ce mana iskar da gawayi ke fitarwa ce, kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da muke rayuwa da ita. Ko garwashin ya daina hayaƙi, tana nan tana fita.

4/ Na san za a ce ai kakanninmu sun kwana da wuta. Gaskiya ne. Amma ɗakinsu na jinka ne, iska na ratsawa ta ko'ina. Namu siminti ne da silin da tagar gilashi. Mun canja gini, ba mu canja ɗabi'a ba.

5/ Ni dai a ganina, a daina ɗumama ɗaki da wuta, a ɗumama jiki. Kuɗin gawayin wata biyu ka sa su a bargo mai kauri, safa da hular sanyi ga yara da tsofaffi. In dole sai an ji ɗumin garwashi, a ji shi a tsakar gida, a kashe kafin kwanciya.

6/ Sai ruwan zafi. Hitar bokiti mai wat 1000 kan ɗauki kamar rabin awa ta ɗumama lita 20, in akwai wuta ke nan. Kuma wallahi kada hannu ya taɓa ruwan sai an zare ta daga soket. A nesanta yara.

7/ Abin da muke yi yanzu: baƙar jarka a rana tun hantsi, ko da hazo ruwan kan yi ɗumi don wankan yamma. Na asuba kuwa, a tafasa da dare a kan gas ko murhu a waje, a cika babban fulas, da safe a sirka.

8/ Mai hali ya sa tankin sola a rufi, shi ya fi. Mara hali, jarka da fulas sun ishe shi.

9/ Yau da dare, don Allah ka leƙa ɗakin tsohuwarka. In ka ga kasko, lallashe ta ka fito da shi. Allah Ya tsare mu.