Jinjina ga Masu GIMP, Amma Layin Bai Gama Lanƙwasa Ba

Miƙaƙƙen layi ba ya wahalar da kowa a kwamfuta. A manhajar GIMP, ka ɗauki burushi, ka danna a nan, ka riƙe Shift, ka danna a can, shi ke nan. Amma a ce layin zai yi baka, ko ya yi lauje ya kewaye sunan amarya a katin gayyata, kuma kaurinsa ya tsaya ɗaya daga tushe har baki, nan gizo ke saƙar. Mausi ba alƙalami ba ne. Hannu ya ɗan yi rawa, layin ya karkace, inda ya kamata ya gangaro a hankali sai ya yi gwiwa. Mai zane ya goge ya sake, ya goge ya sake, mai kati kuma yana tsaye a kansa yana duba agogo.

Mutanen da suka warware wa mai ƙaramin ƙarfi wannan matsala, ba tare da sun karɓi ko kwabo ba, sun cancanci a jinjina musu da sunansu. Spencer Kimball da Peter Mattis ne suka fara GIMP a 1995 suna ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Siga ta 1.0 ta fito a 1998. Daga baya su biyun suka kama wasu harkoki, aikin ya koma hannun masu sa kai daga ƙasashe daban-daban, irin su Sven Neumann da Michael Natterer, sai kuma Jehan a 'yan shekarun nan. Abin da ya shafe mu a nan, wato kayan jan turba da suka sa wa suna Paths, Simon Budig ne ya sake gina shi domin siga ta 2.0 da ta fito a 2004, kuma har yau a kan wannan ginin ake tafiya.

Dabarar ita ce raba hanya da tawada. Kafin allura ta taɓa babbar riga, akwai mai zane da ke shata aska takwas da tambari a jikin yadi, mai ɗinki kuma ya bi shatin da zare. Haka abin yake a nan. Ka danna harafin B, ka kafa turke a inda layi zai fara, ka kafa wani a inda zai tsaya. Tsakaninsu wani siririn zare zai bayyana wanda ba ya cikin hoton, ba a buga shi, ba shi da kauri ko launi. Kowane turke yana da hannuwa biyu da za ka iya ja. Inda ka nufa da hannun, can layin zai fuskanta idan ya bar turken, tsawon hannun kuma shi ke nuna nisan da zai yi kafin ya juya. Za ka iya ɗaukar awa guda kana gyara wannan shati ba ka ɓata ɗigo ko ɗaya na hotonka ba. Sai ranka ya kwanta da siffar sannan ka buɗe akwatin Stroke Path, ka rubuta kaurin da kake so, manhaja ta bi turbar da tawada. Rawar hannu ta fita daga lissafi gaba ɗaya.

Wannan lissafi ba a ɗakin masu zane aka haife shi ba. A masana'antar motoci ta Faransa ya fito. Paul de Casteljau, masanin lissafi a kamfanin Citroën, ya gano hanyar a 1959, amma kamfanin ya riƙe ta a matsayin sirrin sana'a. Pierre Bézier, injiniya a Renault, ya isa wuri guda ta tasa hanyar, ya kuma bayyana aikinsa a fili cikin shekarun 1960, shi ya sa sunansa ya bi layin. Damuwarsu ita ce yadda za a gaya wa inji siffar ƙofar mota ko gabanta da lambobi, ba da ƙirar katako ba. Amsar da suka samu mai ban mamaki ce saboda ƙanƙantarta: ɗigo huɗu sun isa su bayyana baka guda, biyu a bakunan layin, biyu a gefe suna jan sa. Kamfanin Adobe ya ɗora harshen ɗab'i na PostScript a kan wannan a 1984, ya kuma miƙa wa masu zane alƙalaminsa a Illustrator a 1987. Ƙugiyar da ke kan ƙ da ɗ da ɓ a rubutun da kake karantawa yanzu, da irin wannan lissafi aka lanƙwasa ta.

To, amma jan turbar shi ne rabin da ya fi sauƙi. Ba ta kauri shi ne aikin da ba a gani, kuma a nan ne na fi ganin ƙoƙarin masu rubuta irin waɗannan manhajoji. Idan ka ce kauri 20, manhaja za ta raba shi biyu, 10 a dama da turba, 10 a hagu. Wato dole ta nemo gefuna biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da layin tsakiya. Abin da masana lissafi suka daɗe da sani shi ne, gefen da ke bin layin Bézier a tazara ɗaya, a mafi yawan lokuta, shi kansa ba layin Bézier ba ne. Babu ɗigo huɗu da za su ba ka shi daidai. Don haka sai a daddatsa lanƙwasar zuwa gajerun miƙaƙƙun guntaye da ido ba ya iya rarrabewa, a gina faɗi a kan kowanne, a haɗe su, a cike ciki da launi. Inda kwanar ta yi tsanani har rabin kaurin ya fi ƙarfin lanƙwasar, gefen ciki yakan naɗe kansa, dole a san yadda za a cike wurin ba tare da an bar rami ba. Sannan ga bakin layin: hoto ɗigo-ɗigo ne masu kusurwa huɗu, layi kuwa ba ya bin murabba'i. Sai a rina ɗigon da layin ya rufe rabinsa da rabin launi, wanda ya rufe kwatansa da kwata, ido ya ga santsi maimakon haƙoran zarto. Duk wannan yana faruwa ne tsakanin dannawarka da ɗaga yatsanka.

Akwatin nan na Stroke Path kuma masu GIMP ba su yi masa rowa ba. Za ka zaɓi yadda bakin layi zai ƙare: a yanke shi daidai kan turke, ko a zagaye shi, ko a ƙara masa murabba'i. Za ka zaɓi yadda kusurwa za ta haɗu: da tsini, ko a zagaye, ko a fafe ta. Har tsinin ma akwai ƙa'idar da ke hana shi zarcewa. Idan an bar ta a kan 10, duk kusurwar da ta gaza digiri 11 da rabi za a datse mata kai, don kada ta yi tsawon mashi ta keta zanen. Akwai layi mai tsinke-tsinke, akwai mai ɗigo-ɗigo, kana kuma iya ƙirƙirar naka salon.

Abin da na fi so mai aikin ɗab'i ya lura da shi shi ne ma'auni. Ba dole ba ne ka rubuta kauri da fiksel, wato ɗigon hoto, kana iya rubuta shi da milimita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inci guda milimita 25.4 ne, don haka a hoton da aka shirya da ɗigo 300 a kowane inci, milimita ɗaya ta kusa fiksel 12. Kaurin fiksel 6 da manhajar ke kawowa tun farko, wanda ke cika ido a allon kwamfuta, idan ya sauka a takarda rabin milimita ne kawai. Da yawa daga cikin katunan da ake karɓowa daga maɗaba'a a ga adon gefensu ya sirance kamar gashi, dalilin ke nan.

Duk wannan kyauta ne, kuma halak. Tun 2013 Adobe ya daina fitar da sabon Photoshop na saye sau ɗaya, ya koma karɓar kuɗin haya wata-wata ko shekara-shekara. Yaron da ke koyon haɗa fosta da katin biki a shagon ubangidansa a Kano ko Maraɗi, wanda abin da yake samu a rana bai taka kara ya karya ba, yakan tsinci kansa tsakanin haƙura da sana'ar da ɗora kwafin da ba a biya ba. Masu GIMP sun buɗe masa ƙofa ta uku. Lasisin GPL ya ba shi damar sauke manhajar, ya kwafa wa abokinsa a filashi, ya ci abinci da ita, babu mai tuhumarsa. Allah ya saka musu da alheri.

Sai dai yabon gwani ya zama dole, gaya masa gaskiya ma haka. A sigogin 2.10 da 3.0, da zarar tawada ta sauka, dangantakarta da turba ta yanke. Layin ya zama ɗigo-ɗigo kamar sauran hoton. Mai kati ya ce a ɗan ƙara kauri, ko a ɗan buɗe bakan, to gyara turbar ba ya motsa layin da aka riga aka shafa. Sai ka koma baya, ko ka share fallen da ka zana a kai ka sake. Idan kuwa ba ka yi dabarar ware wa layin nasa falle ba, wanda masu sana'a ke kira leya, ka shafa shi kai tsaye a kan hoton, kuma ka yi nisa da aiki, to sai haƙuri. Akwatin ma ba ya nuna maka yadda layin zai fito kafin ka amince. Ka rubuta lamba, ka danna, ka duba, ka janye, ka sake rubuta wata.

A gwada zana dagin Arewa a ga nauyin wannan. Dagi zare ne mai kauri ɗaya da ke shiga ƙarƙashin kansa ya fito ta sama, kuma kyansa duk yana ga daidaiton kaurin da tsabtar mahaɗun. Da turba za ka sami siffar daidai. Za ka shafa ta da baƙi mai faɗi, ka sake shafa ta da kore wanda bai kai shi faɗi ba, zaren ya sami gefe. Daga nan sai ka bi kowace mahaɗa ka gyara da hannu don a ga wane ne a sama, wane ne a ƙasa. In aka ce a rage kaurin bayan an gama, duk wannan wahala sabuwa ce.

Akan ce wanda ke son irin wannan ya tafi Inkscape, can ne gidan zanen layi, kuma ita ma kyauta ce. Gaskiya ne, GIMP ma tana fitar da turba a tsarin SVG ta kuma shigo da ita. Amma wanda ke son ya ja kibiya mai lanƙwasa a kan hoton taswira, ko ya kewaye fuska a fosta, bai kamata a tura shi koyon manhaja ta biyu saboda layi ɗaya ba. Masu GIMP sun san haka. Tun 2006 wani ɗalibi ya fara aikin fallen da zai riƙe turba da kaurinta a raye, a ƙarƙashin shirin bazara na Google, aikin ya yi ta kwanciya, sai a sigar gwaji ta 3.1.4 a 2025 ya shigo. Shekara 19 ke nan. Ba na faɗin haka don zargi, mutane ne ƙalilan da yawancinsu ke wannan aiki bayan sun tashi daga na neman abinci, kuma siga ta 3.0 kaɗai, wadda ta fito a watan Maris na 2025, ta ci kusan shekara bakwai bayan 2.10. Amma shigar abu cikin manhaja daban, zamansa hanyar da sabon shiga zai fara cin karo da ita daban. Mutumin da ya buɗe GIMP yau yana neman jan baka zai duba burushi, ya duba fensir, babu abin da zai raɗa masa cewa sai ya fara da wani zare marar launi sannan ya nemo wani akwati. Ya kamata kauri da launi su zauna kusa da hannun mai jan turba, yana ja yana ganin layin yana cika.

Akwai kuma layin da kaurinsa ke sauyawa da gangan. Duk wanda ya ga rubutun alƙalamin kara a allo ya san harafi yana kumbura a ciki ya sirance a wutsiya. Abin da GIMP ke bayarwa a nan shi ne ta bi turba da burushi tana kwaikwayon matsin hannu, ta fara da siriri, ta yi kauri, ta ƙare da siriri. Yana da amfani, amma ba ya barin mai zane ya ce a wannan turken kauri kaza nake so, a wancan kaza. Mai son ƙawata ajami ko sunan shago da salon alƙalami yana jiran wannan.

Mu ma da muke cin moriyar akwai namu kason. Ƙorafin da aka yi a shago a shago yake tsayawa, wanda aka rubuta a ma'ajiyar rahoton matsaloli ta GIMP da ke ƙarƙashin ƙungiyar GNOME, tare da hoton abin da ya faru, shi ke isa ga masu gyara. Fassarar manhajar zuwa harsuna ma masu sa kai ne ke yin ta ta hannun GNOME, kuma ba a tambayar kowa takardar shaida kafin ya shiga. Wanda Allah ya hore wa, suna karɓar gudummawar kuɗi. Mafi kusa da hannu kuwa yana wuyan masu cibiyoyin koyar da kwamfuta da iyayen gida a shagunan zane: a zaunar da yaro tun makon farko a nuna masa turke da hannuwansa, a koya masa ya ware wa kowane layi nasa falle, ya rubuta kauri da milimita idan aikin na takarda ne, ya kuma adana aikinsa a tsarin XCF na GIMP domin turbar ta tsira idan mai kati ya dawo da gyara.