Kwalejin St. Murumba ta Jos: Wa zai ɗauki nauyin makarantun mishan yanzu?

Sace ɗalibai da malamai da aka yi a makarantar St. Mary ta Papiri, Jihar Neja, ranar 21 ga Nuwamban 2025, ya sake jawo hankali kan makarantun ɗarikar Katolika a Arewa. Muhawarar ta tsaya kan katanga da masu gadi, amma tarihin Kwalejin St. Murumba ta Jos ya nuna cewa matsalar ta wuce nan.

Limaman ƙungiyar mishan ta SMA sun sauka Shendam a 1907. Jos, wadda haƙar kuza ta tara mata jama'a daga ko'ina, ta zama mazaunin bishop a 1953, sannan a 1959 aka buɗe St. Murumba domin yara maza.

Makarantu irinta sun zauna ne a kan duwatsun murhu uku. Na farko, limaman da suka zo daga Turai suna koyarwa ba don albashi ba. Na biyu, tallafin da gwamnatin Jihar Arewa ke bai wa makarantun mishan da suka cika sharuɗɗa. Na uku, zaman lafiyar garin, wanda ya bai wa uba damar tura ɗansa kowace unguwa hankali kwance. Da haka ɗan lebura da ɗan akawu suka zauna benci ɗaya.

Yau kowane dutse ya motsa. Malaman yanzu magidanta ne masu jiran albashi. Tallafin gwamnati ba abin dogaro ba ne kamar da. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 kuwa sun raba unguwannin Jos bisa addini, har iyaye suka koma auna hanyar makaranta kafin ingancinta. Albashi da abinci da gadi duk sun koma wuyan iyaye, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya tsaya a naira 70,000 tun 2024.

Ga masu tsara manufofin ilimi a Abuja, nan gizo ke saƙa. Muddin aka bar wa makarantun kuɗin tsaro su kaɗai, kuɗin makaranta zai ƙaru, kuma ɗan ƙaramin ma'aikaci ne zai fara rasa gurbi. Mallakar makarantar ta coci ce, amma kare yaran da ke cikinta haƙƙi ne a kan hukuma.