"Ai Dama Haka Yake" Ba Magani Ba Ne

Jama'a, yau sai na faɗa ko da za a ji haushi. Akwai maganar da muke binne masu galahanga da masu tawayar ƙwaƙwalwa da ita da ransu: "ai dama haka yake."

Yaro ya saba wasa a tsakar gida, kwatsam ya daina ci, ya daina barci, ya koma lungu, ko ya fara buga kansa da bango. Da ƙaninsa ne, da tuni an tafi asibiti. Shi kuwa sai a ce halinsa ne, ko aljanu ne, a yi masa hayaƙi, in ya ƙi a ɗaure.

Wallahi zalunci ne. Lalurar da aka haife shi da ita daban, ciwon damuwa da fargaba daban, kuma sun fi kama irinsu. Ga tsangwama, ga kaɗaici, ga shi ba lallai ya iya cewa "raina a ƙuntace yake" ba. Canjin halin nan shi ne maganarsa.

Masu cewa jarrabawa ce sai haƙuri, yaushe haƙuri ya hana neman magani? A 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, amma doka ba ta shiga ɗaki ta ga wanda ya bar tuwonsa. Aikinmu ne.

In kun ga canji, ku riƙe ranar da ya fara, ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, ko Dawanau ko Barnawa ko Kware. Likitoci, don Allah ku riƙa tambaya: da can yaya yake?

Allah Ya ganar da mu.