A Koya wa Yara Tarihin Turawa, Har da Tatsuniyoyinsu

Tun da gwamnatin tarayya ta waiwayi darasin tarihi, wanda aka cire daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a zangon karatu na 2009/2010, har ta ware malamai 3,700 domin horarwa a 2022, magana ɗaya ake ta nanatawa a rediyo da tarurrukan ilimi: a koya wa yara namu, a rabu da na Turawa. Ina ruwan yaron Gumel da Napoleon? Me ya haɗa yarinyar Funtuwa da gumakan Girkawa? Maganar tana da daɗin ji, ta kuma yi kama da kishin ƙasa, shi ya sa ba kasafai ake musa ta ba. To, ni ban yarda da ita ba. Manhajar da ta tsaya a bakin iyakar Najeriya kifin rijiya za ta haifa, kuma tarihin namu da ake tutiyar karewa shi zai fara ji a jikinsa.

A fara da iyakar kanta. Wanda ya taɓa bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya ya san inda ake tsayar da mota a nemi takardu, alhali harshe ɗaya ne, auratayya ɗaya. Idan ɗalibi ya ce, "Malam, wa ya ja wannan layi?" amsar ba ta Katsina, ba ta Maraɗi. A 1890 Ingila da Faransa suka shata layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi. Faransawa suka yi ta ƙorafi cewa an bar musu rairayi, babu hanya mai rijiyoyi da za ta kai su Damagaram. A yarjejeniyar 1904 Ingila ta yarda a matsar da layin kudu, ita kuwa Faransa ta saki gatan da masuntanta suka daɗe da shi a gaɓar Newfoundland, tsibirin da yau yake cikin Kanada. Ashe cinikin wurin kamun kifi a can wata uwa duniya yana cikin abin da ya yanke wa ƙauyukan Hausa hukuncin wa zai yi boko da Ingilishi, wa zai yi da Faransanci. Malamin da bai san gabar waɗannan ƙasashe biyu ba, bai kuma san yadda ƙarfin Jamus ya tura su ga sulhu ba, me zai faɗa wa yaron? Haka dalar gyaɗa ta Kano: ba a fahimtar ta sai an san masana'antun Turai da ke neman mai. Haka kakannin da aka kwasa zuwa yaƙin Bama.

Masu cewa a rabu da tarihin Turawa suna son fakewa da magabata, amma magabatan ba sa tare da su. Lokacin da wani Bature mai suna Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zaunar da shi yana tambayar sa ɗarikun Kiristanci ɗaya bayan ɗaya, har baƙon ya amsa cewa iliminsa bai kai nan ba. Ya kuma tayar masa da zancen yadda Turawan Ingila suka ci Indiya. Da Baturen ya dawo a 1826, cikin tsarabar da ta fi faranta wa Bello rai akwai littafin Uƙlidis, masanin lissafin Girkawa, cikin Larabci, domin gobara ta cinye kwafin da suke da shi. Wannan fa shi ne marubucin Infaƙul Maisuri, wanda har gobe ake dogaro da shi wajen tarihin ƙasar nan. Ya san labarin Indiya, saboda haka ya san abin da zai iya biyo bayan ɗan kasuwar Bature, kusan shekara tamanin kafin sojojin Lugga su shiga Sakkwato a 1903.

Inda gardama ta fi zafi shi ne tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa. Iyaye suna tsoron kada a cusa wa 'ya'yansu shirka, kuma tsoron uba a kan imanin ɗansa ba abin raini ba ne. Sai dai a duba al'adar karatunmu. A zaurukan malamai an daɗe ana karanta waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi da sauran mawaƙan Jahiliyya domin ƙwarewa a Larabci, ba a kuwa ji almajiri ya tashi ya sassaƙa gunki ba. Alƙur'ani ya ambaci Lata da Uzza da Manata. Ibnul Kalbi ya yi littafi guda a kan gumakan Larabawa, Biruni ya koyi harshen malaman Hindu ya rubuta abin da suka yi imani da shi. Littafin Tarihin Kano ma da Barbushe da Tsumburbura ya buɗe. Sanin abin da wasu suka bauta wa daban, bauta masa daban.

Amfanin kuwa ga shi. Rumawa sun ce kakansu Aeneas baƙo ne daga gabas: ya tsere daga birnin Troy bayan an ci shi, ya sauka Italiya, ya yi yaƙi, ya auri 'yar sarki, zuriyarsa ta kafa Rum. Mawaƙi Virgil ya tsara labarin a zamanin Sarki Agustas, wanda gidansu ke da'awar jinin Aeneas ɗin. Yanzu a ajiye wannan kusa da Bayajida: baƙo daga Bagadaza, ya sauka Daura, ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri Daurama, zuriyarsa ta kafa Hausa Bakwai. A ƙara da Saifawan Borno da Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman, da mutanen Borgu da Kisra. Yaron da ya ga waɗannan a jere zai gane da kansa cewa gidajen sarauta a ko'ina suna son jingina asalinsu ga wuri mai daraja, kuma labarin asali yana da aikin da yake yi wa masu mulki. Wanda Bayajida kaɗai ya sani, ko dai ya haddace shi kamar wahayi, ko ya girma ya yi watsi da shi a matsayin ƙarya. Duka biyun asara ce. Masana tarihi Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman a Zariya sun nuna cewa garuruwan Hausa sun tsiro ne daga noma da ƙira da fatauci na mutanen wurin, ba jiran baƙo suka yi ba. Irin wannan tankaɗe da rairaya ba ya samuwa ga wanda bai taɓa kwatanta labari da labari ba.

Za a ce ai manhajar mulkin mallaka ce ta cika mu da sarakunan Ingila muka manta namu. Gaskiya ne, kuma a 1963 wani farfesan Oxford, Trevor-Roper, yana faɗa a fili cewa Afirka ba ta da tarihin da za a koyar. Amma masanin tarihi Kenneth Dike da abokansa na Ibadan ba da toshe kunne suka rusa wannan ba. Sun shiga ɗakunan ajiyar takardun Turawan, suka haɗa da abin da ke bakin dattawa. Laifin tsohuwar manhaja shi ne ta sa Turai a tsakiya, mu a gefe. Gyaran shi ne a tsaya a Kano ko Borno a hango duniya. Za a kuma ce malamai ba su isa ba, lokaci ya yi kaɗan. Wannan hujja ce ta a ɗauki malamai a biya su, ba ta a rage wa yara ilimi ba. Ba a taɓa cewa a daina koyar da lissafi don malamansa sun yi ƙaranci ba.

Kirana ga hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, da kwamishinonin ilimi na jihohinmu: tarihin Najeriya ya zama ginshiƙi, amma kowane babi ya zo da abin da ke faruwa a Masar da Istanbul da Landan a lokacin, a kuma ba tatsuniyoyin asali, namu da na wasu, gurbinsu a ƙaramar sakandare. Ku kuma iyaye, idan yaro ya dawo gida da labarin Troy, kada ku ƙwace littafin. Ku tambaye shi me ya haɗa shi da na Daura.