An cire ka daga karatun likita? Kira gida yau

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Yau zan taɓo abin da muke rufa wa juna asiri a kai, na kuma san wasu za su ji haushina. To, a ji.

Duk shekara idan sakamakon babbar jarrabawar Anatomi, Fiziyoloji da Bayokemistiri ya fito, akwai waɗanda ake ce wa su nemi wani sashe. Wannan ba baƙon abu ba ne. Hukumar MDCN ta ƙayyade wa kowace makarantar likitoci adadin ɗalibanta, jarrabawar kuma ba ta san ɗan wane ba. Abin da ke ci min rai shi ne abin da namu ke yi bayan haka.

Sai mutum ya yi gum. Ya ci gaba da ɗora hoto da farar riga a WhatsApp. A gida ana ta kiran sa Dakta, Baba na turo kuɗin littattafan ajin da ba ya ciki, Hajiya na faɗa wa maƙwabta saura shekara uku. Shi kuwa yana ɗaki, ko yana Sabo wajen mai shayi, bai yi rajistar sabon kwas ba, bai koma gida ba. Tsakanin Ibadan da Katsina da nisa, ba mai leƙo shi. Mu da muka sani mun kama bakinmu, wai kara muke yi. Wallahi cutar sa muke yi.

Za a ce min ai kunya ce, iyaye sun sa rai, wani ma har gona aka jinginar. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ya kamata su ji da wuri. Fushin Baba na sati biyu ya fi sauƙi a kan ranar da 'yan ajinka za su yi rantsuwar kama aiki, a tambaye ka ranar da za a shigo mota a zo. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ɗan uwa.

Sannan ka duba lokaci. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala digiri, takardar yafewa NYSC za ta ba shi, ba zai yi bautar ƙasa ba. Kai da ka yi JAMB sau biyu ko uku kafin ka samu gurbi, shekara nawa gare ka ta zubarwa?

Hanyoyin a fili suke. Ka karɓi canjin sashe a wannan zangon tun kafin a rufe rajista, ka dage ka fita da sakamako mai kyau, domin akwai jami'o'in da ke karɓar mai digirin kimiyya zuwa aji biyu na likitanci ta hanyar Direct Entry. In asibiti ne a ranka, ka tambayi ko akwai gurbi a aikin jinya, kimiyyar gwaje-gwaje ko ɗaukar hoton marasa lafiya. Kowanne shekara biyar ne, kowanne da lasisinsa, asibitocinmu na ƙauye kuma suna kukan rashin su. In kuwa can ƙasan zuciyarka dama don a ce maka Dakta ka shiga, to ga damar da za ka faɗa wa kanka gaskiya.

Mu ma sai mun gyara. Mu daina yi wa ɗan aji ɗaya kirarin Dakta tun bai ga gawa a ɗakin Anatomi ba. Mu daina yi wa ɗan Mikrobayoloji kallon wanda ya faɗo daga mota. Shugabannin ƙungiyoyinmu na jihohi, aikinku bai tsaya ga walimar yaye ɗalibai da buɗa-baki ba. Ku nemi waɗanda suka daina zuwa aji, ku raka su ofishin mai ba da shawara na sashe, in ta kama ku zauna kusa da su lokacin da za su kira gida.

Wanda wannan magana ta shafa, na san kana karantawa. Ba sai ka yi sharhi ba. Ka sa kati ka kira Baba bayan sallar isha'i.

Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri, ya sa mu gama lafiya.